Fitila a Cikin Jini

Wata bakwai zazzaɓi na kwana a gadona.
Ya zo da la'asar kamar mai bin bashi,
ya fita da asuba ba sallama.
Aka ce sauro ne, na sha na sauro.
Aka ce taifot ce, na sha na taifot.
Tsahara ta tafasa bedi har tukunya ta koyi ɗaci,
zazzaɓi ya sha tare da ni, ya gyara zama.

Ni mai walda ne a Bagalam,
na san halin ƙarfe:
tsatsa na cinsa ta ciki,
fenti na murmushi a waje.
Tun da kabu-kabu ya zubar da ni a hanyar Tibiri
akwai ƙarfe a ƙwaurina da ƙusa shida,
wani ya yi mini aikin da nake yi wa ƙyauren mutane.

Hoton ƙashi ya ce lafiya lau.
Dakta Ma'azu ya ɗaga shi ga taga, ya daɗe.
Ya ce, wannan hoton bango yake gani,
ba ya ganin wanda ke kwana a ɗakin.
Sai Yamai.

Sai Yamai, kalma biyu,
amma sai da suka ci injin waldata ƙarami
da akuyar Tsahara mai ciki.

Can suka ɗebi jinina suka shiga da shi ɗaki.
Suka tsame fararen ƙwayoyinsa,
waɗanda ke gudu duk inda faɗa ya tashi,
suka shafa musu wani haske da ido ba ya kamawa,
suka maido mini su ta jijiya.
Matar ta ce, su sun san gidan ɓarawon,
mu fitila kawai muka rataya musu.

Na ce, ina ake samo hasken?
Cikin dogon bayaninta na tsinci kalma guda, yuraniyom,
sai na ga babana Nomau,
shekara ashirin a ramin Arlit,
ya dawo da tari da rediyo mai batir huɗu.
Yakan ce, dutsen nan na haska biranen wasu,
mu kuwa da aci-bal-bal.
Baba, ga shi ya yi dogon yawo ya dawo
cikin kwalba kamar ɗan yatsa, sanye da rigar darma,
yana tambayar inda ke yi mini ciwo.

Na kwanta. Faranti biyu suka sunkuyo kaina.
Ba zafi, ba ƙara,
kada ka motsa kawai.
Ban taɓa jin an saurari jikina haka ba.

Da na dawo Maradi da ambulan a ƙirji
Dakta Ma'azu ya koma tagarsa.
Ga ni nan, ba fuska, ba suna,
mutum na ɗige-ɗige kamar gero a kan tabarma.
Ƙasa da gwiwa, daidai ƙusa ta huɗu,
duk sun taru wuri guda
kamar tururuwa a bakin buhun sukari.
Ya ɗora biro a kai ya ce, ga shi.

Wata bakwai ina jiran wani ya ce ga shi.

Aka buɗe, aka zare, aka wanke,
sati shida allura na bin allura.
Ƙusar tana cikin gwangwanin madara a shagona,
ba ta kai tsawon ashana biyu ba.

Yanzu in an ɗauke wuta
nakan dogara sanda in gangara bakin gulbi,
inda maƙesu ke yawo kan fadama,
kowanne da ƴar wutarsa.
Yarona Rabe ya ce, me kake kallo haka?
Na ce, ina duba inda za su taru.
Ya zaci wasa nake.